Gidan da Aka Shafa wa Ja

Ruwan zafin da ke cikin tukunyar wankan jego ne ya fara rawa. Balaraba na tsaye a kansa da ƙwarya a hannu, za ta ɗibar wa 'yarta Fiddausi na wankan safe, sai ta ga ruwan yana dukan bakin tukunyar alhali ba wanda ya taɓa shi. Kafin ta ce wani abu kwanukan da ke jere a ɗaki suka amsa, kwanon rufi ya yi ƙara, ƙasa ta zame daga ƙarƙashin ƙafarta ta dawo. Ta saki ƙwaryar ta dafe ƙaton dutsen da ke tsakar gidan. Daga layi aka ɗauki salati, daga bayan katanga wata murya ta ƙwalla kiran Yesu, kaji suka watse. Sai kuma komai ya tsaya cik, in ban da kukan jariri daga ɗakin mai jego.

Ta leƙa ta ga Fiddausi zaune a gado ƙanƙame da ɗanta, ba abin da ya same su. Da hankalinta ya kwanta ta wannan ɓangaren, abu na biyu da ta duba shi ne tagar benen maƙwabciyarta Obiageli. Tagar na nan daram da shuɗin labulenta, tana kallon tsakar gidan Balaraba yadda ta saba. Balaraba ta ja dogon tsaki. A ce ƙasa ta girgiza har haka, amma ta rasa abin da za ta kayar sai tulu guda a bakin madafi!

Wannan tagar ita ce mafarin komai. Gidajen biyu tsoffin ɗakunan leburorin kuza ne a wata unguwa da ke bayan Bukuru, siririn lungu ne kawai ya raba su, wanda mai jiki in za ta shiga sai ta karkace. Mahaifin mijin Balaraba ya samu nasa tun yana wankin kuza, mahaifin mijin Obiageli ya samu nasa yana sayar wa leburori kananzir da kifin gwangwani. A da ana miƙa naman layya ta kan katanga, ana miƙo shinkafar Kirsimeti. Sai Obiageli ta samu buɗi a shagonta, ta rushe ginin ƙasa ta zuba na siminti, ta ɗora bene, ta fasa taga daidai saitin inda matan gidan Balaraba ke wanki da tsifa da shan iska. Aka kai ƙara wurin mai unguwa. Obiageli ta ce ita iska take nema, ba ganin cinyar kowa ba, ta sa labule. Labulen kuwa motsi yake yi. Tun daga ranar Balaraba ba ta ƙara cire ɗankwali a tsakar gidanta ba, ba ta kuma ƙara kiran maƙwabciyarta da wani suna ba sai "mai tagar nan". Mijinta Mahdi ya rasu, Linus mijin Obiageli ya bi shi, ba wadda ta taka ƙofar wata ta yi gaisuwa.

Ƙasar unguwar kuwa kowa ya san cikinta rami ne. Turawa sun haƙe ta sun tafi, samarin yanzu kuma suna bin tsoffin ramukan suna yashe abin da ya rage. Shi ya sa da rani wasu ma'aikatan binciken ƙasa suka zo tare da wata injiniya mai suna Abigel, suka bi gida-gida suna kafa wani ɗan akwati a bango, bai fi sabulun wanki girma ba. Abigel ta yi bayani a ƙofar mai unguwa. Ta ce na'urar barci take yi, sai ƙasa ta motsa take farkawa, ta auna yadda bangon da take jiki ya girgiza da yadda ya karkata, ta aika wa wayarsu nan take. Ta haka za a san gidan da ke da haɗari kafin ya faɗa wa masu shi. Ta ce a ƙasashen bakin teku, inda ruwa ke tasowa ya cinye gari bayan girgizar ƙasa, da irinta ake gane inda za a fara kai ɗauki. Daga cikin mata Balaraba ta ce, mu da tekunmu bai wuce kududdufin kuza ba. Aka yi dariya, har da Abigel.

A ran Balaraba dai ba abin dariya ba ne. Nata akwatin a ƙuryar ɗaki aka kafa shi, da wani ɗan ido da ke ƙiftawa, ita kuwa idon tagar da ke sama ya riga ya ishe ta. Da cikin Fiddausi ya tsufa aka zo gyara ɗakin da za ta yi wankan gida, Balaraba ta zare akwatin don a shafa farar ƙasa, ta ɗora shi a kan dutsen tsakar gida inda suke shanya barkono, ta kife masa tsohon kwano saboda ruwan sama. An ce kada a jefar, to ba ta jefar ba. Farar ƙasa ta bushe, aka haihu, aka yi suna, akwatin bai koma ba. Wace kaka ce za ta kwantar da ɗanyen jariri ƙarƙashin abin da ba a san me yake gani ba?

Ruwan wankan bai gama hucewa ba motar su Abigel ta tsaya a bakin layi. Balaraba ta yafa mayafi ta tsaya a zaure. Abigel na gaba da waya a hannu, mai unguwa Malam Labaran na gefenta yana faɗa mata sunan kowane gida, wani ma'aikacinta mai suna Romanus na biye da gwangwanin fenti biyu. Ba ta shiga gidan kowa, wayar kawai take dubawa ta kira launi, Romanus ya tsoma buroshi ya shafa a ƙofa. Kore, ku yi zamanku. Ja, ku kwashe ku koma makarantar firamare har manyan injiniyoyi su zo su duba tushen gini.

"Na ɗan lokaci ne," Abigel ke ta maimaitawa. "Don Allah ku fahimta, na ɗan lokaci ne."

A garin Jos babu wanda bai san wani da ya bar gidansa na ɗan lokaci ba, an kuma san yadda abin ke ƙarewa. Ko ka dawo ka tarar katafila ta bi ta kan ginin, ko ka tarar da wasu a ciki, ko kai da kanka ka kasa dawowa. Haka nan ba mai son ganin fenti a ƙofarsa ko wane launi ne, don manyan unguwar sun taɓa ganin abin da ke biyo bayan alama a ƙofa.

"Gidan marigayi Mahdi," in ji Malam Labaran.

Abigel ta duba wayar, ta ɗago da ɗan murmushin gajiya. "Kore. Mama, bangonki ko gezau bai yi ba. Duk layin nan babu kamarsa."

"Ginin mutanen da ne," in ji Balaraba, ta ɗaga murya don a ji a maƙwabta. "Ba na masu ɗora ɗaki kan ɗaki ba."

Dutsen barkono ya ɗan gifta mata a rai, ta kore shi. Romanus ya shafa kore, suka matsa gaba.

Obiageli na tsaye a barandar shagonta riƙe da ƙugu. Mace ce doguwa mai faɗin kafaɗa, a garin aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ruwa, sai dai ba ta damu da wane ne namiji wace ce mace a cikin magana ba. Abigel ta daɗe tana duban wayar kafin ta yi magana.

"Ja."

Romanus ya ciko buroshi ya lafta a ƙofar ƙarfen shagon, fentin mai ne mai kauri, har yana gangarowa.

"Wane ja?" in ji Obiageli. "Oga madam, ki duba da kyau. Wannan gida siminti ne, rodi ne, ba ƙasa ba kamar na wasu mutane. Shiga ki gani, ko tsaga ɗaya babu."

"Ba kullum ake ganin tsaga ba, Madam. In ƙasa ta zauna a ƙarƙashin tushe, bango kan karkata ido bai gani ba. Duk unguwar nan na'urarki ce ta nuna karkata mafi muni."

Wani daɗi ya lulluɓe Balaraba, irin wanda ta daɗe ba ta ji ba. Ta ɗan ji kunyar kanta, amma kunyar ba ta daɗe ba. Shekara da shekaru tana kai ƙarar tagar nan wurin mutane ba su yi komai ba, yau ga ɗan akwati ya yanke hukunci kafin a sha kunun safe.

Obiageli ta dubi jan da ke ƙofarta, ta dubi mutanen da suka taru, sai ta buga cinya.

"Tsaya! Wannan akwati ba ya jikin bango na. Tun bikin Ista na sa ɗana Ikechi ya cire shi. Ni ba na son alama a gida na. Na ce ya kai shi cikin lungu, ya ɗaura a bangon wannan mata. Na ce in alama ne, ya kama ta." Ta nuna Balaraba da dukan hannunta. "Jan nan nata ne!"

Wurin ya ɗauki hayaniya. Balaraba ta fito daga zaure har tsakiyar layi tana tafa hannu.

"Kun ji ko? Da bakinta ta faɗa! Mugunta ta ƙulla mini tun tuni, yanzu da ta ga ja a ƙofarta take neman wanda za ta goga wa. Ahir ɗinki, mai taga!"

Abigel ta ɗaure fuska ta nufi bakin lungun. Ba ta kai ba ihu ya tashi daga ƙarshen layi, wai katanga ta danne wani mai gyaran takalma. Ta juya da gudu tana cewa kada kowa ya taɓa komai, za ta dawo ta gani da idonta. Taron ya bi ta. Obiageli ta faɗa cikin shago tana kiran Ikechi a waya, ana jin muryarta tana zazzaga masa faɗa da Igbo.

Balaraba ta koma ciki. Ta wuce Fiddausi da ke tambayar me ake ciki, ta buɗe 'yar ƙofar baya da take zubar da ruwan wanka, ta karkace ta shiga lungun.

Lungun na warin kwata da gansakuka. A bakinsa, jikin simintin Obiageli, ga mazaunin ƙarfen da ma'aikata suka kafa, wayam ba komai a ciki. Can ciki kuwa, a jikin nata bangon, daidai bayan ɗakin mai jego, ga akwatin an ɗaure shi tamau da waya a kan wata ƙatuwar ƙusa, ɗan idonsa na ƙifta ja. Gefensa wata tsaga ta taso daga ƙasa ta miƙe har ƙarƙashin kwano, wadda jiya babu ita. Balaraba ta sa yatsa, yatsan ya shige. Ta cikin tsagar tana jin Fiddausi na rarrashin ɗanta.

Ashe mai tagar nan ba ta yi ƙarya ba. Jan nata ne, koren da ke ƙofarta kuwa na dutsen barkono ne, wanda tun da aka halicce shi bai taɓa motsi ba.

Ta tsaya da yatsa a cikin bango tana tunani. Ta hango mai jego kwance a aji cikin baƙin idanu, ba murhu ba wurin wanka. Ta hango katafila a kan ɗakin da Mahdi ya cika. Sannan ta hango kanta ɗauke da katifa a ka tana fita daga gidan, shuɗin labule kuma yana motsi a sama. Wannan na ƙarshen shi ne abin da ta kasa haɗiyewa.

Ta warware wayar da sauri har ta yanke ta a yatsa. Ta lallaɓa zuwa bakin lungun, ta leƙa ta ga layin ba kowa, ta zura akwatin cikin mazauninsa, ya zauna da 'yar ƙara kamar dama can bai taɓa fita ba. Ta dawo ta ɗauko tsohuwar tabarmar da take shanya kayan jariri a kai, ta rataye ta a ƙusar, ta rufe tsagar ruf. Ta shiga gida ta wanke hannu, ta dama wa Fiddausi kunun kanwa.

Hantsi ya dubi ludayi Abigel ta dawo, wandonta duk jar laka. An ciro mai gyaran takalman da rai, ƙafarsa ce ta karye. Ba ta tsaya hutawa ba ta wuce bakin lungun, mutane na biye da ita, Obiageli na gaba tana cewa yanzu kowa zai gani. Abigel ta tsaya, ta nuna bangon siminti.

"Madam, ga ta a inda muka kafa ta."

Obiageli ta matso kusa. Ta dubi akwatin, ta leƙa cikin lungun, ba ta ga komai ba sai tsohuwar tabarma. Ta juyo a hankali.

"Ke ne. Maman Fiddausi, ke ne! Ki ji tsoron Allah. Ki rantse ba ki shiga lungun nan ba."

"Kullum sai na shiga," in ji Balaraba. "Ina kike so in zubar da ruwan jego? A shagonki?"

"Ki rantse ba ki taɓa shi ba! Ki ɗauko Alƙur'ani ki rantse!"

Balaraba ba ta dubi Obiageli ba. Ta juya wurin mai unguwa, ta ɗaga murya yadda na bayan taro za su ji.

"Malam Labaran, kana tsaye? Kana ji tana wasa da sunan Alƙur'ani a bakinta?"

Ta san abin da take yi, sarai ta sani. Wasu samari da ke jingine da baburansu suka miƙe tsaye. A ɗaya gefen, wajen shagon mai walda, wasu ma suka miƙe. Wata mata ta ja hannun 'ya'yanta ta shige gida ta sa sakata. Malam Labaran, wanda ya binne mutane da yawa a kan abin da bai kai wannan ba, ya faɗa tsakiya ya ware hannuwa.

"Ya isa! Ba a nan ba, ba yau ba. Kai, ku koma ku zauna. Maman Ikechi, ki yi haƙuri. Ke da bakinki kin ce kin taɓa kayan hukuma, ga shi kuma an gan shi a bangonki. Ki bi abin da aka ce, in manya sun zo a duba."

Obiageli ta dubi samarin gefe biyun, ta dubi ƙofar shagonta. Ta haɗiye abin da ke bakinta. Ita ma ta san garin da take.

Abigel ta juyo wurin Balaraba. "Mama, taki na'urar fa tana nan?"

"Tana nan lafiya lau, 'yata. Ko ruwa bai taɓa ta ba."

"Zan so in leƙa in gani."

"Mai jego na wanka. Ki ɗan zagayo."

Wayar Abigel ta yi ƙara, wata unguwar ce ke nemanta, can ma akwai ja da yawa. Kafin ta shiga mota ta juyo ta fuskanci taron.

"Ku saurare ni da kyau. Bangon da wannan na'urar ta auna ya riga ya bar tushensa. Ruwan sama ɗaya mai ƙarfi, ko ƙasa ta ƙara motsi kaɗan, zai zube. Kada kowa ya zauna kusa da shi, balle ya kwana."

Mutane suka ja da baya daga gidan Obiageli. Balaraba ba ta motsa ba, tana kallon hadarin da ya fara haɗuwa ta wajen Rayfield.

Da la'asar Ikechi ya zo da a-kori-kura daga Laranto. Aka ɗora katifa, da tukunyar gas, da buhun garin rogo, da hoton Linus a cikin gilashi. Daga tsakar gidanta Balaraba ta ji an ja tagar bene an rufe, an sa sakata. Jim kaɗan aka buga ƙofar zaurenta. Ta fito ta tarar da Obiageli tsaye a dokin ƙofa, wurin da ƙafarta ta yi shekaru ba ta taka ba. Ba ta yi ihu ba wannan karon.

"Ni na sa shi a bangonki da mugun zuciya. Ban ɓoye ba. Allah ya gan ni. Ke ma ya gan ki."

"Motarki na jira."

"Ni zan kwana a aji, a kan benci, amma zan yi barci. Ke fa?" Ta ɗan leƙa ta kan kafaɗar Balaraba, inda kayan jariri ke shanye a igiya. "Wannan yaro bai yi mini komai ba. Ki cire shi daga ɗakin."

"Ki kula da naki jikokin," in ji Balaraba, "in Allah ya ba ki."

Ta san inda ta soka, don Ikechi ya daɗe da aure ba haihuwa. Fuskar Obiageli ta motsa. Ta tofar da yawu a gefen koren ƙofar, ta juya ta hau gaban motar, ba ta waiwayo ba har suka sha kwana.

Balaraba ta rufe zaure ta dawo tsakar gida. Ta ɗaga kai. Tagar a rufe take, ba labule, ba motsi. Ta sa hannu ta zare ɗankwalinta, iskar damina mai sanyi ta ratsa furfurarta har fatar kai. Ta tsaya tana jiran daɗin da ta yi shekaru tana tanadi. Ya ɗan zo, sai dai bai kai yadda ta zata ba.

"Inna," Fiddausi ta kira daga ɗaki. "Zo ki gani. Ƙasa ce ke ta zubowa a kan gado, na kakkaɓe ta sake zubowa."

Balaraba ta shiga. Jaririn na barci, hannuwansa a dunƙule, a kan girarsa akwai ɗan farin gari. Ta sa bakin zane ta share masa. "Angona," ta ce a hankali, "wa ya shafa maka hoda?" Sannan ta ɗaga ido ta dubi bangon. Sabuwar farar ƙasar ta rabe biyu daga sama har bayan gado, ta cikin tsagar kuma tana hango saƙar tabarmar da ta rataye da hannunta.

Ɗigon farko ya faɗo a kan kwano, na biyu ya biyo shi.

Ta fita ta tsaya tana duban gidan kamar yau ta fara ganinsa. Ɗakuna uku ne a jere har da zauren, dukansu jingine suke da wannan bangon, rufinsu ɗaya. Ta kira Uzairu mijin Fiddausi, ya ce yana hanyar Yola da lodi, sai gobe in Allah ya kai mu. Ta yi tunanin maƙwabta, to ta ce musu me, ita da aka yaba wa bangonta a bainar jama'a? Ta yi tunanin makarantar firamare, can kuwa masu jan ƙofa kaɗai ake karɓa, mai tagar nan kuma tana can zaune a kan benci tana jira. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske.

Ta koma ɗaki ta sunkuci jaririn, ta naɗe shi cikin bargo.

"Tashi ki ɗauko mayafi."

"Ina za mu? Inna, ban fa yi arba'in ba."

"Na sani, ni na haife ki. Tashi."

"Ai kore aka shafa mana. Ko ba ke kika ce..."

"Na ce ki tashi!"

Fiddausi ba ta taɓa jin wannan muryar a bakin uwarta ba. Ta tashi.

Suna fitowa ruwan ya kece. Balaraba ta duƙa a kan jaririn, ta ja hannun 'yarta, suka tsallake bakin lungun suka haye barandar shagon Obiageli. Rufin siminti ne mai kauri, ko ɗigo ba ya yi. Ta zaunar da Fiddausi a kan bencin da masu sayayya ke zama, ta lulluɓe mata ƙafafu, ita kuma ta zauna a ƙasa ta jingina bayanta da ƙofar ƙarfen, jaririn a ƙirjinta.

Ƙofofin layin suka fara buɗewa. Wata ta ƙwalla mata kira, wata ta ɗora hannu a ka. Malam Labaran ya taho da sauri cikin lema, ya tsaya nesa da barandar, ruwa na dukan ƙafar wandonsa.

"Hajiya Balaraba! Lafiyarki kuwa? Da ɗanyen jariri ƙarƙashin jan gida? Ba ki ji abin da injiniya ta ce ba? Ku koma gidanku, ita da bakinta ta ce duk layin nan babu kamarsa!"

Balaraba ta ƙara rungume jaririn. Daga cikin lungun ta ji wani abu mai nauyi ya ɓantare ya faɗa cikin kwata, ƙarar ruwa ta rufe shi, ba wanda ya ji sai ita. Ta ƙara manne bayanta da ƙofar. Jaririn ya motsa, ta sunkuya don ta gyara masa bargo, sai ta ji mayafinta ya ɗan liƙe kafin ya saki. Fentin Romanus bai bushe ba, sanyin damina ya hana shi.

"Inna," in ji Fiddausi, "jan fentin duk ya kama bayanki."

"Bar shi," in ji Balaraba. "Ai dama nawa ne."

Fiddausi ta dube ta ba ta gane ba. Malam Labaran kuwa ya dubi jan da ke mayafin Balaraba. Ya daɗe a tsaye, ruwa na zuba ta gefen lemarsa, sannan ya juya a hankali yana duban koren ƙofar.